Kil- ta kusa sa in ajiye taswirar nan

'Yan uwa masu bin sunayen garuruwa na Gelik, tsohon harshen Sikotlan da Ayilan, yau dai jadawalina ya daidaita, sai ku taya ni murna. Na yi niyyar gama sunayen da ke farawa da Kil- a yankin Argyll na Sikotlan in wuce zuwa tsibirai, amma aikin ya cakuɗe, na tsinci kaina ina leƙa Perthshire, har da Ayilan.

Kun san matsalar. Turanci ya haɗa kalmomin Gelik daban-daban ya zuba su a tukunya ɗaya, duk suka koma Kil-. Kilmartin daga Cille Mhàrtainn take, cocin waliyyi Martin. To Killiecrankie fa, inda aka gwabza yaƙi a 1689? Babu coci a sunan ko kaɗan, coille ce, daji. Ga cùil, lungu, ga cùl, bayan wani abu, duk suna iya rikiɗewa su koma Kil-. Ko Kyle ba ta tsira ba: Kyle of Lochalsh daga caol ce, mashigin ruwa mai matsi, amma Kylemore ta Ayilan An Choill Mhór ce, babban daji. Wallahi abin da ban haushi.

Abin da ya fisshe ni shi ne littattafan sunaye na ma'aikatan safiyon Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, waɗanda suka cike a Sikotlan daga 1845 zuwa wajen 1880. Kowane suna da layinsa: yadda aka rubuta shi, sauran rubuce-rubucensa, mutanen da suka ba da shaida, sai bayanin wurin. Na daina kallon gurbin farko. Kai tsaye nake zuwa na ƙarshe. In mai safiyo ya ce akwai kangon ɗakin ibada ko tsohuwar maƙabarta, kuma abin da ya biyo bayan Kil- sunan waliyyi ne, kamar Brìghde a Kilbride ko Donnan a Kildonan, sai in sa wa sunan jan alama, wato coci ne. In babu ko ɗaya, sai in buɗe taswirar inci shida ga kowane mil ta ɗakin karatun ƙasar Sikotlan, in zuƙo ta har sai ƙananan zanen bishiyoyin nan sun fito, in ga ko daji ne, in sa masa koren alama.

Masu shaidar kam ban cika sakin jiki da su ba. Sau da yawa limamin coci ne ko malamin makaranta ko wakilin mai ƙasa, kuma sa hannun mutum uku ba ya nufin kunne uku ne suka ji sunan daga bakin makiyayi.

Zuƙo taswirorin nan ya cinye mini data ba kaɗan ba. Littafin W. J. Watson na 1926 kan sunayen wurare na Sikotlan kuwa, kuɗin aiko shi ya fi kuɗin littafin, har yanzu abin na yi mini ciwo. Sunayen da suka ƙi jan alama suka kuma ƙi kore na tara su a shafi guda, da su zan fara gobe kafin in taɓa Kin- da ceann, wato kai.