Talata, ranar da muka karɓo sakamakon eko, wato hoton zuciya

Tun bayan asuba muka fita da Auta, ni da Yaya. Benen asibitin nan hawa ɗaya ne kacal amma sai da ta tsaya sau uku tana haki, hannunta a ƙirji, yarinya 'yar shekara 19 fa.

Likita ya juya bayan kati ya zana mana zuciya da biro. Ya ce bawul ɗin mitral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu, shi ne ya tsuke, na mai lafiya faɗinsa murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne, nata bai kai 1.5 ba. Wai asalinsa ciwon maƙogwaron nan ne na yarinta da ba a yi masa magani da kyau ba. Ni dai na tuna ruwan gishiri kawai Inna take ba mu mu kuskure, Allah sarki.

Yaya ya ce, to likita ai mun ji ana buɗewa da balan-balan ba sai an tsaga ƙirji ba. Likita ya ce haka ne, wani likitan Japan Kanji Inoue ne ya fara a 1982, ta jijiyar cinya ake zura siririn bututu har zuciya, a huda bangon tsakiya, a hura balan-balan ɗin a bakin ƙofar ta buɗe. Har na fara hamdala sai ya ce amma fa bawul ɗin nata yana yoyo, jini na komawa baya, kuma hurawar kan iya yaga shi yoyon ya ƙaru. In yoyon kaɗan ne ana yi, in ya yi yawa sai dai tiyata, a gyara ko a sa na ƙarfe ta dawwama a kan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Nan jikina ya yi sanyi wallahi, don ya ce maganin na da matsala ga mai ciki, ita kuwa an sa ranarta bayan sallah.

Alhamis za mu koma a yi wani ekon ta maƙogwaro, a auna yoyon sosai a kuma duba ko akwai gudan jini, in akwai ba zancen balan-balan tukuna. Allurar fenisilin ɗinta ta wata-wata kuma ya ce ko da wasa kar a tsallake.

Yanzu tana barci a jingine da filo uku. Ban faɗa wa Inna maganar ƙarfen ba.