Asabar, gwajin ƙarshe

Yau muka yi gwajin ƙarshe na wasan kwaikwayonmu, kowa da kayan wasansa a jiki, domin jibi iyayen yara za su zo kallo. Tun hantsi muna ɗakin taro, ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar.

Kashi na ɗaya ya tafi sumul. A fitowa ta biyu ta kashi na biyu ne muka daɗe, inda mai gari ke yanke hukunci. Yaron da ya fito a mai gari Allah ya ba shi murya, amma da ya buɗe baki sai ya juya wa 'yan kallo baya ya fuskanci fadawansa. Na ce masa, "Ɗana, fadawan nan sun haddace maganarka tun makon jiya. Tsohon da ke kujerar ƙarshe shi kake so ya ji." Muka ɗauko alli muka shata wa kowa matsayarsa a kan dandamali, da ƙofar shigarsa da ta fitarsa. Na kuma nanata musu cewa idan mai ba da umarni ya ce dama, daman ɗan wasa yake nufi sa'ad da yake fuskantar jama'a.

Wannan ƙa'ida ta dandamali mai labule ce, inda masu kallo ke gefe guda. A gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970, ana iya zaunar da jama'a su kewaye fili, ɗan wasa ya riƙa zagayawa kowa ya sami rabonsa na fuska. Haka 'yan tashe suke yi da azumi a ƙofar gida. Ina da burin wata rana mu fitar da wasanmu gindin darbejiya mu gwada hakan.

Wadda ta fi burge ni yau ba za ta hau dandamali ba ko sau ɗaya. Yarinya ce 'yar aji biyar da muka damƙa wa bayan fage. Rubutun wasan na hannunta, ta yi masa alama da jan biro duk inda za a ja labule ko a kashe fitila. Wanda ya manta maganarsa, ita ke raɗa masa daga bayan labule. Ta jera sanda da buta da tabarma da mafici a kan tebur bisa tsarin fitowa, wanda ya ɗauka kuma dole ya mayar. Da gemun audugar liman ya ɓalle saboda gumi, kafin in yi magana ta liƙa shi, ta ƙara masa hoda a gira don furfura.

Abu biyu suka rage. Naɗin rawanin mai gari yana cinye lokacin sauya fage, don haka gobe zan roƙi maƙwabcinmu ya naɗa shi a kan hula, sai dai a kifa kawai. Sai kuma man janareta, tunda wasan bayan magariba ne.