Idan Sarauniya Ta Fito Da Wuri A Wasan Ces

A majalisun Sakkwato, inda samari ke buga ces a waya bayan la'asar, akwai tarkon da ke cinye sabbin 'yan wasa kullum. Mai fararen mayaƙa ya tura soja gidan e4 (kowane gida a allon ana kiransa da harafi da lamba), kai mai baƙaƙe ka amsa da e5, sai kawai ya jefo sarauniya h5. Abin da yake hari shi ne gidan f7, don ba mai tsaronsa sai sarki kaɗai.

Kada ka yi garajen korarta da g6 tun yanzu. Za ta cinye sojan e5 tana barazana ga sarki, daga nan ta ɗauke hasumiyar h8. Fara da doki zuwa c6, ya tsare e5. In ya kawo bishof c4, to lokacin g6 ya yi. Doki f6 a nan kuwa ganganci ne, domin sarauniya na faɗawa f7 wasa ya ƙare a taku 4. Bayan g6 yawanci takan koma f3, ta sake leƙen f7. Sai ka toshe da doki f6, ka ɗora bishof g7, ka ɓoye sarki. Ita tana ta yawo, kai kuma mayaƙanka sun fito.

Akwai wani tarkon da shi ma f7 yake hari: bayan e4 da e5, ya fito da doki f3 da bishof c4, kai ka fito da dawakai c6 da f6, sai ya tura dokinsa g5. Wannan harin ya fi na sarauniya dafi. Amsarsa d5 ce. In ya ci sojan, kar dokin f6 ya rama, domin in ya rama sai a sadaukar maka da doki a f7 a fito da sarkinka fili. Tura dokin c6 zuwa a5 ya kori bishof. Soja guda ka bayar, amma ragamar wasan ta dawo hannunka.