Daga Chennai zuwa Ketti, Ni da Gwaggo

Gwaggo ce ta ɗauko maganar, kwana goma sha biyu bayan an yi mata aikin ido a Chennai. Likita ya ce sai mun ƙara mako biyu kafin ya sallame mu, amma babu laifi mu ɗan zaga gari. Muna zaune a masauki ta zare baƙin tabaran da aka ba ta, ta ce, "Ke 'yar nan, tambayo mana inda aka yi fim ɗin yarinyar nan da hankalinta ya koma na yara. Tunda Allah ya maido min da gani, ina so in ga tashar jirgin nan."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. A hannunta na taso a Fagge, kuma kaset ɗin wannan fim ɗin Indiya, Sadma, sai da ya gaji don sawa. Duk ranar da aka kai ƙarshensa sai Gwaggo ta share hawaye da bakin zani. Sridevi ce tauraruwar. A wurinmu 'yar Bombay ce, ba mu taɓa tunanin tana da wani gida ba.

Chennai ce ta fara gyara mana wannan. 'Yan kalmomin Indiyancin da Gwaggo ta tara shekara da shekaru a gaban talabijin ba su yi mata rana a can ba. Ta ce "pani", mai shago ya tsaya kallonta, ashe ruwa a bakinsu "tanni" ne. Tamil ake yi, harshen da ba ma danginsu ɗaya da Hindi ba. Wani mai a-daidaita-sahu ya zaga da mu Kodambakkam da Vadapalani, unguwannin 'yan fim, ya nuna mana ƙofar sutudiyon AVM. Da na ambaci Sridevi sai ya dafa ƙirji ya ce "Mayil", wato ɗawisu, sunan da ta fito da shi a wani fim na Tamil a 1977. A jiharsu aka haife ta a 1963, kusa da Sivakasi, kuma tana shekara huɗu aka fara sa ta a gaban kyamara. Tana shekara 13 ta fito a matsayin babbar mace tare da Kamal Haasan da Rajinikanth.

Da dare muka hau jirgin ƙasa daga babbar tashar Chennai, asuba ta yi mana a Mettupalayam, gindin duwatsun Nilgiri. Muka yi salla a gefen dandamali, sannan muka shiga ɗan ƙaramin jirgi shuɗi mai hawa Ooty. Kilomita 46 ce kawai, amma awa biyar ake yi. Kan jirgin mai aiki da tururi ne, daga baya yake turo taragun, kuma a tsakiyar layin dogon akwai wani ƙarfe mai haƙora da yake kamawa don kada ya sulalo. Muna hawa sanyi na shigowa. Ramuka cikin dutse, gadoji a kan kwazazzabai, birai na jiran abin da matafiya za su jefa, sannan gonakin shayi kore shar. Gwaggo ba ta ɗauke kai daga taga ba. Shekara uku ba ta bambance fuskar jikokinta sai da murya, yau ga ta tana nuna min mata masu tsinkar ganye a can nesa.

A taragonmu akwai wani dattijo da matarsa daga Vijayawada, da wata malamar makaranta Batamila. Da suka ji abin da ya kawo mu sai hira ta ɓarke, ina fassara wa Gwaggo. Dattijon ya ce Sridevi tasu ce, ta masu jin harshen Telugu, domin mahaifiyarta 'yar wajen Tirupati ce. Ya ce a 1972 ta fito jikar N. T. Rama Rao, a 1979 kuma ta fito masoyiyarsa, mutumin da daga baya ya zama babban ministan jihar Andhra Pradesh. Malamar ta ce a'a, a Madras, wato Chennai ta yau, aka raine ta, har finafinan Telugun ma a lokacin a Madras ake ɗaukar yawancinsu kafin sana'ar ta koma Hyderabad. Gwaggo ta saurara, ta ce, "Gaya musu su daina jayayya, mu ma a Kano tamu ce."

Malamar ce ta faɗi abin da ya fi tsaya min a rai. Lokacin da Sridevi ta shiga finafinan Hindi ba ta jin harshen. Fim ɗinta na farko a matsayin tauraruwa a can, a 1979, bai karɓu ba, sai a 1983 Himmatwala ya ɗaga ta. Shekaru ana ɗora mata muryar wasu mata, sai a Chandni, 1989, aka ji tata. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ita ma ba jin abin da take faɗa take yi ba, kamar mu?" Ni dai a ganina nan ne gwanintarta take. Wadda aka raba da harshenta dole ta mai da magana ido da gira da motsin baki, kuma abin da matan gidanmu suka karanta ke nan ba tare da tafinta ba. Yau samarinmu na kallon finafinan kudancin Indiya da fassarar Hausa, su ma "Indiya" kawai suke ce musu, ba tare da sanin wanne ne Tamil wanne ne Telugu ba.

Jirgin bai jima a Ketti, tashar da Gwaggo ke son gani, ba, don haka muka wuce zuwa Ooty muka kwana cikin bargo biyu-biyu. Washegari muka ɗauki mota muka dawo.

Tashar ƙarama ce, shiru, itatuwan turare sun kewaye ta, kwari na shimfiɗe a ƙasanta. A wannan yanki aka ɗauki Moondram Pirai, asalin labarin da Tamil, a 1982, kafin daraktansa Balu Mahendra ya maimaita shi da Hindi da sunan Sadma bayan shekara guda da 'yan wasan nan biyu, Sridevi da Kamal Haasan. A lokacin na Tamil ɗin Sridevi na da shekara 18. Kamal Haasan ya samu kyautar ƙasa saboda wasansa, Gwaggo kuwa har gobe tana cewa yarinyar ce ta ɗauki nauyin fim ɗin. Ita sai bayan rasuwarta a Dubai a Fabrairun 2018 aka ba ta irin wannan kyauta, a kan fim ɗinta na 300.

Gwaggo ta zauna a benci ta shiga ba ni labarin kamar ban taɓa gani ba: yarinyar ta warke, ta manta mutumin da ya yi jinyarta, yana ta tsalle-tsalle a dandamali don ta tuna shi, ita kuwa ta ɗauka mahaukaci ne ta jefa masa abinci. "Kin san me ya sa nake kuka?" ta ce. "Kallon da ta yi masa. Babu mugunta a ciki ko kaɗan. Ba ta san shi ba ne kawai."

Bayan ƙarfe biyu jirgin da ke gangarowa daga Ooty ya iso. Gwaggo ta miƙe tsaye tana bin tagoginsa da ido ɗaya bayan ɗaya har ya sha kwana. Sannan ta koma ta zauna, ta ce, "Allah sarki. Miƙo min maganin nan, lokacin ɗigawa ya yi."