Ranar da na ba Yaya wuƙa da nama kan lafiyata

A 2022 ciwona ya tashi a Ingila, irin larurar ƙwaƙwalwar nan mai hana barci, mutum ya yi ta zuba kamar kanya, bayan nan ya faɗa baƙin ciki mai zurfi. Kwana goma sha tara na yi a asibiti. Inna tana Zariya tana ta buga waya cikin kuka, ba a gaya mata komai. Yaya, 'yar wan babana da ke Bamingam, kullum tana bakin ɗakin, amma a idon hukuma baƙuwa ce.

Sai da na samu sauƙi na gane dalili. A gida, ciwo ya kwantar da kai, manya su haɗu su yanke shawara. A nan zumunci kaɗai ba ya ba kowa ikon amincewa da magani a madadin baligi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ma tana da jerin dangin da take saurara: miji ko mata, 'ya'ya, iyaye, haka har ƙasa. Aurena ya mutu, ba ni da ɗa. Inna kuwa ba ta ƙirguwa saboda ba a ƙasar take zaune ba, 'yar baffa kuma ba ta cikin jerin.

A 2023 na cike fom LP1H, takardar wakilci kan lafiya da walwala, wadda wata doka daban ta 2005, kan masu kasa yanke wa kansu hukunci, ta tanada. Takardar ba ta aiki sai ranar da na kasa yanke wa kaina hukunci. Kuɗin rajista a lokacin fam 82 ne. Ana buƙatar shaida, da kuma wani wanda ba dangi ba, wanda ya san ni shekara biyu ko kuma likita ko lauya, ya tabbatar ina cikin hayyacina kuma ba tilasta mini aka yi ba. Sa hannu bi da bi ne: ni, sai shi, sai wakiliya. Garin sauri na sa Yaya ta riga shi, dole muka sake.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda na sha wuya shi ne shafin da ke tambaya ko wakiliyata za ta iya amincewa ko ƙin maganin da ke riƙe rai.

"Haba ƙanwata, ki daina kira wa kanki mutuwa," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, wasiyya ma da lafiya ake rubuta ta, kuma ba ta taɓa kashe kowa ba."

Ta yi shiru, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce in ba ta biro. Na ba ta ikon, na kuma rubuta cewa ina so ta shawarci Inna da malamin da muka yarda da shi kafin babban hukunci.

Akwai iyaka, kuma gara a san ta tun wuri. Idan aka tsare ni ƙarƙashin dokar 1983, likitoci na iya ba ni maganin ƙwaƙwalwa ko da Yaya ta ƙi. Shi ya sa na rubuta wata takarda daban aka sa a fayil ɗina: alamun da ke fara nuna ciwon, maganin da ya taɓa sa ni rawar jiki, abincin halal, lokacin salla, mace ta kula da wankana. Na ƙara da cewa ina shan litiyam, maganin wannan ciwo nawa, ƙishirwa kuma na iya sa ya taru a jini, don haka in na nace sai na yi azumi ina cikin ciwo, a tuna mini Allah ya yi wa marar lafiya rangwame.

Da takardar ta dawo da hatimi, na kira Inna na karanta mata da Hausa, layi bayan layi. Da na zo kan sunanta, ta ce in maimaita wurin.