Talata: ƙaton baƙin rami da gungun taurarin da ya yi masa masauki

Tun bayan sallar Asuba nake fama da jadawalin da Dakta ya ba ni. Ɗigo-ɗigo ne a takarda, kowane ɗigo gungun taurari ne guda, wato galaxy, irin wanda ranarmu take ciki. Gefe ɗaya nauyin baƙin ramin da ke tsakiyar gungun (wuri ne mai ƙarfin ja da ko haske ba ya iya tsere masa), ɗaya gefen kuma saurin kai-komon taurarin da suka cure a cibiyarsa. Ɗigon sun jeru kusan a layi ɗaya: inda taurari suka fi gudu, nan ramin ya fi nauyi. A 2000 masana taurari Ferrarese da Merritt suka fitar da wannan, haka ma tawagar Gebhardt.

Abin da ya ɗaure min kai, ramin ko kashi 1 cikin 100 na nauyin curin bai kai ba, ƙarfin jansa kuma a taurarin kusa da shi ya tsaya. Ramin da ke tsakiyar gungunmu, Sagittarius A*, ya yi nauyin rana miliyan 4, yana wujijjiga tauraron S2 ya zagaye shi duk shekara 16. Bin sawun irin waɗannan taurari ne ya kai Genzel da Ghez ga kyautar Nobel a 2020. Amma ranarmu da ke nisan shekarar haske (tazarar da haske ke ci a shekara) wajen 26,000 daga ramin, ko a jikinta. Da za a ɗauke ramin yau, zagayenta za ta ci gaba da yi. To yaya aka yi girman ramin da na curin suka tafi tare?

Da azahar na kai wa Dakta tambayar. Ya ce, "Malama, daina kallon abin da yake ja, kalli abin da yake furzarwa." Iskar gas da ke gangarawa ramin takan yi zafi, wani ɓangarenta ya tsere da ƙarfin tsiya. Ramin gungun M87, mai nauyin rana biliyan 6.5, wanda aka nuna hotonsa a 2019, yana feso wani dogon harshe da Heber Curtis ya hango tun 1918. Wannan feshin yakan dumama gas ɗin da za a haifi sababbin taurari da shi, ko ya kore shi. Tamkar tukunya ce da ke tafasa ta zubo ta kashe wutar da ke ƙarƙashinta.

Bayanin ya yi daɗi, har ya so ya yi yawa. Akwai masu cewa yawan haɗewar gungu da gungu kaɗai ya isa ya daidaita lissafin, ba sai ramin ya tsawata wa kowa ba. Ni dai ina ganin biyun duk suna da hannu. Ga kuma madubin hangen sararin samaniya na James Webb da ya gano ramuka a farkon halitta da alama sun fi ƙarfin gungunansu, kamar su suka fara girma.

Aka ɗauke wuta da la'asar, na ƙarasa karatu a waya. Gobe M33 zan duba, gungun da ba shi da curin kirki a tsakiya, kuma har yau ba a ga ƙaton rami a cikinsa ba.