Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwandon Tumatur na Inna

A makon jiya mun tsaya a inda na ajiye aikin rediyo, na ɗauki 'yar rikodata ina bin gida-gida, daga Gangare har Anguwar Rogo, ina neman waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana a harin bam na kasuwar Taminus da ke Jos.

Ranar Talata ce, 20 ga Mayun 2014, mako biyar bayan na tashar Nyanya a Abuja. Motoci biyu suka tashi da bam kusa da tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, tsakaninsu kusan rabin awa, na biyun ya rutsa da waɗanda suka rugo ceto. Aƙalla mutum 118 suka rasu. Duk wanda na ce wa "me ya faru?", abin nan da na rubuta yanzu yake maimaita mini, domin shi ya ji a rediyo.

Sai na haɗu da wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, wadda nake ce wa Inna. Ita ba ta fara da ƙara ko hayaƙi ba. Ta fara da kwandon tumatur da 'yarta ta saro a Farin Gada da safen nan, rabinsa ruɓaɓɓe, da faɗan da ta yi mata a gaban masu ciniki, har yarinyar ta yi fushi ta bar rumfar. Ta daɗe a kan tumatur ɗin nan, ni kuwa hankalina na kan batir. Da na zo rubutu na yanke shi duka, na sa rana da adadi a sama kamar yadda aka koya mana.

Na koma na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, wannan ai na hukuma ne. Ina tumatur ɗina?"

Ashe yarinyar tana can nesa lokacin da na farko ya tashi. Neman uwarta ne ya dawo da ita, na biyun ya same ta. Faɗan tumatur shi ne magana ta ƙarshe tsakaninsu, kuma shi na ɗauka surutu ne. Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Daga ranar na sake tambaya. Sai in ce, "Baba, da me ka karya ran nan?" Daga koko da ƙosai mutum zai taka da ƙafarsa har bakin wutar, ba sai na ja shi ba. Inda ya fara, nan nake fara nasa babin.

Saɓani ma na daina gyarawa. Wani ya rantse tsakanin bam biyun bai kai minti biyar ba, wata ta ce ya fi awa. Tazarar da aka tabbatar na rubuta ta sau ɗaya da bakina, nasu kuma na jera su kusa da juna, domin wanda ke ƙarƙashin rumfa da mai neman ɗanta ba agogo ɗaya suke dubawa ba. Haka Hausar Jos ta wani Ibo mai gwanjo, wanda ke cewa "matana ya mutu": wani abokin aiki ya ce in mayar da ita daidai, na ƙi. Da wannan Hausar ya yi zawarcinta a kasuwa, da ita ya nemi gawarta.

Mutum ɗaya ne ya gagare ni, wani mai Keke Napep da ya yi ta jigilar masu rauni har dare. Sau uku ina zuwa, yana ba ni shayi, ba ya cewa komai. A zuwa na huɗu ya ce in kashe rikodar tukuna. Nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.